Dorugu, Yaron Da Ya Bi Ta Ƙasarmu Ya Bar Labarinsa

Da Edita ya aiko mini cewa in kawo tarihin wani sanannen mutum don wannan fitowa ta mujallarmu, na san abin da yawancin 'yan'uwa za su sa ran gani: ko Malam Abdullahi na Gwandu, ko Kanta na Kabi, ko kuwa Buhari ɗan Abdussalami wanda ya kafa Jega. Waɗannan duka mun karanta su a aji, kuma a cikin ƙungiyar nan akwai waɗanda suka fi ni sanin su nesa ba kusa ba. Saboda haka na zaɓi wani wanda bai taɓa riƙe sarauta ba, wani yaro ɗan talakawa da aka kama bauta, ya ratsa ƙasar Gwandu yana ɗan shekara goma sha huɗu ko ƙasa da haka, yana bin raƙuman wani Bature. Sunansa Dorugu.

Sunan Jega ne ya kai ni gare shi. Ina shekara ta biyu a jami'a, wata rana a ɗakin karatu sai idona ya faɗa kan wani ɗan littafi mai suna Labarin Maimaina na Jega, Sarkin Askira, wanda aka buga a Zariya a 1958. Duk wanda ya girma a Jega ya san ba zai wuce wannan littafi bai buɗa ba. Daga nan na gane Maimaina jikan wani mutum ne mai suna Abbega, shi kuwa Abbega abokin tafiyar Dorugu ne tun suna yara. A 1971 wasu masana biyu, Kirk-Greene da Paul Newman, suka juya labarin Maimaina da na Dorugu zuwa Turanci, suka haɗa su a littafi ɗaya. Na je neman Maimaina, na dawo da Dorugu, har yau kuwa bai bar zuciyata ba.

An haifi Dorugu wajen 1839 ko 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance, a ƙasar Damagaram da ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau. Sunan mahaifinsa Kwage, manomi ne kuma makaɗi, mahaifiyarsa kuwa Kande. Ƙuruciyarsa irin ta kowane ɗan ƙauye ce, gona da damina, wasa da rani, sai dai zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. Mahara suna faɗa wa ƙauyuka, su kwashe mutane su kai kasuwa. Da fari aka kama mahaifiyarsa. Bayan wani lokaci aka kama shi tare da mahaifinsa, aka kai su Damagaram, aka raba su. Daga hannu zuwa hannu har ya sami kansa a Kukawa, babban birnin Barno na wancan zamani, yana bawa a gidan wani Balarabe. Bai fi shekara goma sha biyu ba.

A lokacin nan akwai Jamusawa biyu a Kukawa waɗanda gwamnatin Ingila ta aiko binciken ƙasa, watau Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, da Adolf Overweg. Overweg ne ya fanshi Dorugu ya 'yanta shi, haka kuma ya yi wa Abbega, wanda shi Bamargi ne. Overweg bai daɗe ba, ya rasu a watan Satumba 1852 a Maduwari, bakin Tafkin Chadi. Yaran nan biyu suka koma hannun Barth. A ƙarshen Nuwamba na shekarar Barth ya ɗaura kaya ya nufi yamma, niyyarsa Tambutu, su kuwa suna cikin ayarinsa.

Hanyarsu ta bi ta Damagaram, inda aka raba Dorugu da mahaifinsa, sa'an nan Katsina, sa'an nan Wurno da Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ran 17 ga Mayu 1853 suka shiga Gwandu. Sarkin Gwandu a lokacin shi ne Halilu ɗan Abdullahi, mutum mai gudun duniya, bai kuwa yarda ya ga Barth ido da ido ba, ko da yake ya ba shi izinin wucewa. A nan Gwandu ne wani malami ya ara wa Barth littafin nan na Larabci, Tarikh al-Sudan, ya zauna kwana da kwanaki yana kwafar tarihin daular Songhai daga cikinsa. Ƙasar ba ta zaune lafiya, gama tun 1849 Kabawa suka tayar a ƙarƙashin Yakubu Nabame, hanyar yamma duk tsoro ne. A haka suka tashi a farkon Yuni, suka bi ta Birnin Kebbi da Zogirma, suka ratsa kwarin Foga inda ake dafa gishiri, suka isa Sayi a bakin Kwara ran 20 ga Yuni.

Duk sa'ad da na karanta wannan yanki na tafiyar sai in tuna da wani ganganci da muka yi muna aji uku. Hutun ƙarshen zango ne, farkon damina. Mu huɗu muka ɗauki kekuna daga Jega ba mu gaya wa kowa ba, wai za mu je Gwandu mu ga hubbaren Malam Abdullahi mu dawo kafin magariba. Mun wuce Aliero ke nan, muna ta murna, sai tayar kekena ta yi faci, hadari kuma ya haɗo daga gabas. Muka fake a wata rumfar albasa a bakin gona, ruwa yana zuba ta ko'ina, yunwa tana cin mu, ɗayanmu har da kuka. Wani tsoho mai gonar ya zo ya same mu, ya kai mu gidansa, aka ba mu fura, ya sa ɗansa ya liƙe mini taya. Gwandu dai ba mu gan ta ba ran nan, abin da muka gani shi ne bulala da muka koma gida. Biyu daga cikin abokan wannan tafiya suna cikin ƙungiyar nan, na san za su yi dariya in sun karanta. To, shekarunmu ɗaya da Dorugu sa'ad da ya ratsa wannan ƙasa. Mu wuni guda ya gagare mu, alhali muna da iyayen da za mu koma wurinsu. Shi ya yi kusan shekara uku a kan hanya, ba uwa ba uba, ba kuma gidan da zai ce nan zan koma.

Ran 7 ga Satumba 1853 suka shiga Tambutu. Zaman bai yi daɗi ba, domin akwai masu neman ran Barth saboda shi Kirista ne, sai Shaihu Ahmad al-Bakkay, babban malamin garin, ya tsaya masa tsayin daka har suka fita lafiya a 1854. Suka sake biyowa ta Gwandu da damina, suka wuce Sakkwato da Kano, suka koma Kukawa a watan Disamba. A watan Mayu 1855 suka shiga Sahara, suka fita a Tarabulus a watan Agusta, suka hau jirgin ruwa, suka ratsa Faransa, a farkon Satumba suna Landan. Daga nan Barth ya tafi da su Jamus, garinsu Hambug. Yaron Dambanas ya ga teku, ya ga jirgin ƙasa, ya sha sanyin Turai, ya zauna ya lura da yadda Turawa suke cin abinci da yadda mazansu da matansu suke hulɗa, bai kuwa mance kome ba.

Nufin Barth shi ne a mai da yaran gida. Amma akwai wani fasto Bajamushe a Ingila mai suna James Frederick Schön, na ƙungiyar mishan ta C.M.S., wanda ya zo Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Schön ya daɗe yana neman Bahaushen da zai zauna da shi, sai ga Dorugu. Ya shawo kan yaran suka zauna a gidansa, abin da ya ɓata wa Barth rai ƙwarai. A 1857 aka yi musu baftisma, Dorugu ya zama James Henry, Abbega ya zama Frederick Buxton.

A gidan Schön ne Dorugu ya yi aikin da ya sa muke tunawa da shi. Yana faɗi, Schön yana rubutawa: labarin ƙuruciyarsa, da kamunsa, da tafiyarsa daga Kukawa zuwa Tambutu zuwa Landan, da tatsuniyoyin da ya ji a gida. An buga su a 1885 a littafin da ake kira Magana Hausa. Rubutun Schön ba irin namu ba ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, amma in ka karanta da ƙarfi za ka ji Hausar Damagaram ce tsantsa, ta yaro mai kaifin ido da ban dariya. Yana cikin labarai na farko da Bahaushe ya ba da na rayuwar kansa da harshensa aka buga su da boko. Da taimakonsa kuma Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, ya kuma juya sassan Littafi Mai Tsarki, Bisharar Matiyu a 1857, Littafin Farawa a 1858. Sunan Schön ne a bangon littattafan nan duka, amma Hausar da ke ciki yawancinta daga bakin Dorugu ta fito.

Wannan ya taɓa ni ta wata fuska. Kamar yadda abokan ajinmu suka sani, ni Kirista ne. Kafin mu dawo Jega mun zauna a Maiyama, inda aka tura mahaifina aiki. Kowane dare mahaifiyata takan tara mu a tabarma, ta kunna fitilar ƙwai, ta karanta mana Littafi Mai Tsarki na Hausa, mu yi addu'a, sa'an nan mu kwanta. A nan na koyi karatun Hausa tun kafin in shiga firamare. Ina yaro ban taɓa tambayar wa ya sa waɗannan kalmomi cikin Hausa ba. Sai da na girma na san cewa cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, kuma shekara saba'in da biyar kafin nan wani saurayi ɗan Damagaram yana zaune a wani gida a Ingila yana gaya wa tsohon fasto yadda Bahaushe zai faɗi kaza da kaza. Da na gaya wa mahaifiyata wannan labari ta yi shiru, sa'an nan ta tambaye ni ko ya sake ganin uwarsa. A nan ni ma na yi shiru, domin tun ranar da mahara suka tafi da Kande ba ta sake fitowa cikin labarinsa ba.

Hanyar abokan nan biyu ta rabu a 1857. Abbega ya biyo Crowther ya dawo Kwara a shekarar, daga baya ya koma Musulunci, har ya zama Sarkin Lokoja daga 1896 zuwa 1904. A hannunsa jikansa Maimaina ya tashi. Dorugu kuwa ya zauna a Ingila sai 1864 sa'an nan ya dawo. Ya yi aikin tafinta ga Turawa shekaru da yawa, ya kuma riƙe addininsa na Kirista. A ƙarshen rayuwarsa ya zama malami a makarantar da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, makarantar boko ta farko da gwamnati ta kafa a Arewa. Tsoho mai shekara saba'in yana koya wa 'ya'yan Musulmi karatu da rubutu da haruffan boko. A nan ya rasu a 1912. Duk wanda ya zauna a ajin makarantar gwamnati a Arewa, da Musulminmu da Kiristanmu, in ya bi salsalar karatunsa zai iske ta bi ta Nasarawa, Dorugu kuwa yana cikin malamanta na farko.

Abin da nake so 'yan'uwa su duba shi ne wannan. Dubban yara aka kama aka sayar a zamanin Dorugu, wasu ta kasuwannin ƙasarmu aka bi da su, ba mu san sunan yawancinsu ba. Shi mun san sunansa, da na ubansa, da na uwarsa, da na ƙauyensu, don kawai ya zauna ya faɗi labarinsa, wani ya rubuta. A unguwarmu a Jega akwai wani tsohon falke da muke kira Baba, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja da ƙuruciyarsa. Da yamma mukan zauna a ƙofar gidansa yana ba mu labarin zango-zango, da ƙetare kogi, da kwana a daji. Na gama sakandare, na gama jami'a, na kama aiki, kullum ina cewa hutu mai zuwa zan tafi da littafi da biro in zauna da shi. Ina ofis aka bugo mini waya cewa an yi jana'izarsa. Yau ko sunan zango ɗaya ba zan iya kawowa daidai ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiya da Edita su ware shafi ɗaya a kowace fitowa don labarin wani dattijo ko dattijuwa daga bakinsa. Akwai masu ɗori a Aliero da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, akwai masunta a bakin gulbi a Jega, akwai tsofaffin malamai da ungozomai a Maiyama. Kowannenmu yana da waya a aljihu mai ɗaukar magana, abin da Schön bai samu ba. Ni na yi alkawarin kawo na farko a fitowa mai zuwa, kuma daga mahaifiyata zan fara.

Allah ya ba mu ikon yi tun masu labarin suna raye. Amin.