Rabilu Musa Ibro: Gandiroban da ya zama sarkin barkwanci

An haifi marigayi Rabilu Musa, wanda aka fi sani da Ibro, a shekarar 1971. Ya taso a ƙauyen Ɗanlasan, ya yi karatu a Wudil, maƙwabciyar Gaya. A 1991 ya kama aikin gandiroba, daga bisani ya ajiye kaki ya rungumi wasan barkwanci, yana fitowa a matsayin talaka mai tsaurin ido wanda bakinsa ba ya mutuwa. A 2008, lokacin da hukumar tace finafinai ta Kano ta matsa lamba, kotu ta ɗaure shi wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya kwana kurkuku yana fursuna. Da ya fito bai bar sana'ar ba, har Allah Ya karɓi ransa ranar 10 ga Disamba, 2014.