Marigayi Hermann Muller: Malamin Makarantar Da Ya Bi Diddigin Ƙwari Da Furanni

An haifi Hermann Muller ran 23 ga Satumba, 1829, a ƙauyen Muhlberg na ƙasar Jamus. A 1855 ya kama aikin koyar da ilmin halitta a makarantar sakandare ta garin Lippstadt, kuma bai bar wannan aiki ba har ƙarshen rayuwarsa.

Da fari gansakuka ya fi mai da hankali a kai. Amma bayan ya karanta littattafan Charles Darwin, sai ya koma ga binciken barbarar furanni, watau yadda ƙwaro ke zuwa shan ruwan zaƙin fure, ya kwashi garinsa a jiki ya kai wa wani furen, har tsiron ya ba da iri. Dabararsa kuwa haƙuri ce tsantsa. Yakan tsaya gaban fure, ya kama kowane ƙwaron da ya sauka, ya gane irinsa, ya auna tsawon bakinsa da zurfin furen, sa'an nan ya rubuta. A 1873 ya buga babban littafinsa kan wannan al'amari, wanda aka fassara da Turanci a 1883 tare da gabatarwar Darwin.

Lokutan hutu kuma yakan hau duwatsun Alps. Littafinsa na 1881 ya nuna cewa a can ƙololuwa malam-buɗe-littafi ya fi yawan ziyartar furanni fiye da yadda yake yi a kwari, alamar wuri kan sauya abokan hulɗar tsiro.

Duk da haka bai zauna lafiya ba. An zarge shi da cusa wa yara ra'ayin Darwin, maganar ta kai majalisar Furusiya a 1879. Ya tsira da aikinsa, amma a 1882 hukuma ta soke darasin ilmin halitta daga manyan azuzuwan sakandare.

Ya rasu ran 25 ga Agusta, 1883, a ƙauyen Prad cikin duwatsun nan, yana tsakar bincike. Har wa yau ɗaliban jami'a masu zana taswirar wane ƙwaro ke ziyartar wane fure, tafarkinsa suke bi, da ido da alƙalami da littafin rubutu.