Kim Ngoc, Shugaban da Ya Saurari Manoma

A wannan mako za mu yi tafiya mai nisa, zuwa ƙasar Biyetnam da ke gabashin duniya, kudu da ƙasar Sin, domin mu duba rayuwar wani mutum mai suna Kim Ngoc. Mun san da yawa cikinmu a Rano da Kibiya ba su taɓa jin sunansa ba, amma a ƙasarsa sananne ne. Mun zaɓe shi ne gama abin da ya sha wahala a kai abu ne da kowane mai fartanya a cikinmu ya sani, wato maganar wane ne mai gona, wa zai yi noma, wa kuma zai ci amfanin.

An haifi Kim Ngoc ran 10 ga Oktoba, 1917, a wani ƙauye cikin gundumar Yen Lac, arewa maso yamma da birnin Hanoi. Iyayensa talakawa ne manoma. A lokacin ƙasar tana hannun Turawan Faransa, yawancin gonaki masu kyau kuwa suna hannun 'yan tsirarun masu dukiya. Talaka yakan karɓi gona haya, ya yi noma, in kaka ta yi ya kai wa mai gona kaso mai yawa, ya biya haraji, abin da ya rage ba ya kai shi wata damina. Cikin wannan hali yaron ya tashi, ya san yunwa tun yana ƙarami. Da ya zama saurayi sai ya shiga cikin masu neman korar Faransa, ya zama ɗan jam'iyyar Kwaminis, wadda ta yi wa talakawa alkawarin gona. A shekarar 1945, sa'anda sojan Japan ke riƙe da ƙasar, aka yi wata babbar yunwa a arewa wadda ta kashe mutane masu yawan gaske, har waɗansu masana suna ƙiyasta su miliyan 1 zuwa 2. A wannan shekara ce Ho Chi Minh ya yi shelar 'yancin kai, ran 2 ga Satumba. Faransa ta ƙi yarda, aka shiga yaƙi, Kim Ngoc kuma ya yi aiki cikin jam'iyya da cikin soja har ya zama babban jami'i.

A 1954 aka ci sojan Faransa a Dien Bien Phu, aka raba ƙasar biyu, arewa ta zama ta 'yan gurguzu. Daga 1953 zuwa 1956 gwamnatinsu ta ƙwace gonakin masu dukiya ta rarraba wa talakawa. Mutane da yawa sun sami gona a karo na fari, amma an yi ɓarna ƙwarai, gama an kafa kotuna a ƙauyuka, maƙwabci yana tsayawa ya yi ƙarar maƙwabcinsa, aka kashe dubban mutane, da yawa cikinsu ba su da wani laifi. A 1956 jam'iyyar da kanta ta amsa cewa ta yi kuskure, babban sakatarenta, Truong Chinh, ya sauka daga muƙaminsa. Mu riƙe wannan suna, gama za mu sāke gamuwa da shi.

Murnar talakawa ba ta daɗe ba. Daga 1958 aka umarci manoma su haɗa gonakinsu, da ɓaunan da suke huɗa da su, da garmunansu, cikin ƙungiyoyin gama kai. Kafin ƙarshen 1960 wajen kashi 85 cikin 100 na gidajen manoman arewa sun shiga. Da safe sai a buga ƙarfe, kowa ya fito, shugaban aiki ya rarraba su. Da yamma a rubuta wa kowa maki. In an yi girbi, gwamnati ta ɗebi nata, ƙungiya ta ɗebi nata, sauran a raba bisa ga maki. An bar wa iyalai kashi 5 cikin 100 kaɗai na ƙasar noma domin su shuka abin da suke so.

Wannan tsari ba zai yi mana wuyar ganewa ba, gama mun san gandu mun kuma san gayauna. A gidajen kakanninmu maigida da ƙannensa da 'ya'yansa sukan yi aiki tare a gandu, a ci daga rumbu ɗaya, maigida ya biya haraji ya yi wa samari aure. Kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake zuwa da yamma ko a ranar da aka ba shi. Amma gandu na 'yan'uwa ne, maigida yana cin tuwo daga tukunyar da kowa yake ci, wanda kuma ya ga an cuce shi yana iya neman a raba. Gandun Biyetnam na dukan ƙauye ne, daga baya ma aka haɗa ƙauyuka da yawa, ba kuma mai ikon fita. Mai ƙwazo da malalaci makinsu kusan ɗaya ne. Saboda haka mutum yakan yi aikin ƙungiya da sanyin jiki, yana adana ƙarfinsa domin 'yar gayaunarsa. Ɓaunan ƙungiya suka rame, taki ya riƙa ɓacewa, gayauna kuwa ta yi kore shar, har ta zama ita ce ke riƙe da gidaje da yawa.

Wajen ƙarshen shekarun 1950 aka mai da Kim Ngoc lardinsu na Vinh Phuc, ya zama sakataren jam'iyya, wato shugaban lardin duka. Babban garin lardin bai fi kilomita 60 daga Hanoi ba, kusan kamar nisan Rano da Kano. Abin da aka fi tunawa da shi a kai shi ne ba ya zaman ofis yana jiran rahoto. Yakan shiga ƙauyuka, ya taka cikin taɓon fadama, ya zauna da tsofaffi da mata yana tambayarsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ga gonar ƙungiya da gayauna a gefen juna, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, mutane ɗaya, amma amfani ya bambanta. Daga 1965 kuma jiragen Amurka suka fara jefa bama-bamai a arewa, samari suka tafi yaƙi, noma ya koma hannun mata da tsofaffi, ga shi kuma ana bukatar abinci domin soja.

Ran 10 ga Satumba, 1966, kwamitin jam'iyya na lardin, a ƙarƙashinsa, ya fitar da ƙuduri mai lamba 68. Gona tana nan ta ƙungiya, amma an yarda a danƙa wa kowane gida wani yanki ko wani sashe na aiki, a yanka masa abin da zai kawo, abin da ya haura kuwa ya zama nasa. Haka aka yi da kiwon aladu da sauran dabbobi. Ba a daɗe ba aka ga bambanci. Mutane suka riƙa fita gona tun da asuba ba mai buga musu ƙarfe, shinkafa ta ƙaru, dabbobi suka ƙaru, labari kuma ya kai lardunan da ke kewaye.

Labarin ya kai Hanoi ma, amma can ba a yi murna ba. A 1968 aka haɗa Vinh Phuc da lardin Phu Tho aka kira su Vinh Phu, Kim Ngoc ya ci gaba da shugabanci. A watan Nuwamba na wannan shekara Truong Chinh, wanda har lokacin yana cikin manyan shugabannin ƙasar, ya tsaya gaban jami'an lardin ya yi dogon jawabi yana sukar tsarin. A ganinsa, ba wa gidaje gona komawa ne ga noman kowa-tasa-ta-fisshe-shi, wanda zai rushe ƙungiyoyin gama kai ya sāke haifar da masu shi da marasa shi. A watan Disamba uwar jam'iyya ta aika da umarni a daina. Aka sa Kim Ngoc ya rubuta takardar amsa laifi. Ba a ɗaure shi ba, ba a kuma tsige shi ba, ya ci gaba da riƙon lardin har 1977, amma ya zauna da tabon mutumin da ya kauce hanya, yana kallon abin da ya gina ana warware shi.

Ya kamata mu yi wa masu sukarsa adalci. Tsoronsu ba na banza ba ne, gama sun ga zamanin da talaka ya rasa gonarsa ta hanyar bashi da jingina, ba su kuma so a koma can. Mu ma mun san yadda gona takan fita daga hannun gida saboda bashin biki ko na asibiti. Kuskurensu shi ne sun fi gaskata abin da ke cikin littafi bisa ga abin da ke cikin rumbu, suka kuma rufe bakin wanda ya je ya gani da idonsa.

Yaƙi ya ƙare ran 30 ga Afrilu, 1975, aka haɗa ƙasar a 1976. Gwamnati ta yi ƙoƙarin kai tsarin gama kai kudu, inda fadamar kogin Mekong take, amma manoman can suka ƙi, waɗansu suka yanka dabbobinsu da a karɓe. Abinci ya yi ƙaranci, mutanen birni suna layi da katin rabo, ƙasar shinkafa ta koma shigo da abinci daga waje, dubban ɗaruruwa kuma suka gudu ta teku cikin ƙananan jirage. A waɗansu ƙauyukan arewa, kamar Doan Xa kusa da Haiphong, manoma da shugabanninsu suka koma ga tsarin danƙa wa gidaje gona a ɓoye. Cikin wannan hali Kim Ngoc ya rasu a wani asibiti a Hanoi ran 26 ga Mayu, 1979, yana da shekara 61, ba wanda ya fito ya ce masa ashe kai ne da gaskiya.

Bai cika shekara biyu a kabari ba, ran 13 ga Janairu, 1981, jam'iyya ta fitar da umarni mai lamba 100, ta yarda a yi kwangilar amfanin gona da manoma. A 1986 tsadar kaya ta haura kashi 700 cikin 100 a shekara. A wannan shekara Truong Chinh ya sāke zama babban sakatare, abin mamaki kuwa, shi ne ya tsaya tsayin daka a kan a canja hanya, har babban taron jam'iyya na watan Disamba ya amince da shirin gyara da suke kira Doi Moi. Ran 5 ga Afrilu, 1988, ƙuduri mai lamba 10 ya mai da gida tushen noma, aka rarraba wa iyalai gonaki na shekaru masu yawa. A 1989 ƙasar da ke neman taimakon abinci ta sayar da shinkafa fiye da tan miliyan 1 a ƙasashen waje. Dokar ƙasa ta 1993 ta ba manomi ikon riƙe gonar hatsi shekara 20, ya yi musaya, ya sayar da haƙƙinsa, ya ba da haya, ya jinginar, ya bar wa magada. Dokar 2013 ta ƙara wa'adin zuwa shekara 50. A 1993 wajen kashi 58 cikin 100 na mutanen ƙasar matalauta ne, kafin 2020 kuwa adadin ya sauko ƙasa da kashi 10. Biyetnam ta shiga sahun manyan masu sayar da shinkafa a duniya, ta kuma zama ta biyu wajen noman kofi, bayan Burazil. A 2009 gwamnati ta ba Kim Ngoc lambar girma ta Ho Chi Minh, shekara 30 bayan rasuwarsa, a 2010 kuma gidan talabijin na ƙasar ya nuna wasan kwaikwayo mai tsawo da aka gina a kan rayuwarsa. Akwai tituna da makarantu masu sunansa.

Kada mu ɗauka kome ya gyaru. Jam'iyya ɗaya ce ke mulki, ba a yarda da wata ba. A doka kuma ƙasa ta dukan jama'a ce, gwamnati ke riƙe da ita, manomi haƙƙin amfani kaɗai yake da shi, saboda haka in ana son gina masana'anta ko gidaje ana iya karɓe gonarsa a biya shi abin da hukuma ta yanka. Rigingimu da yawa sun tashi a kan haka. A ƙauyen Dong Tam kusa da Hanoi, a watan Janairu na 2020, rikicin fili ya ci ran wani dattijon ƙauye da 'yan sanda uku.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Sa'anda aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Audu Bako, aka gama ta a 1974, ruwa ya cinye gonaki da gidaje, aka ta da mutane daga wuraren da kakanninsu suka zauna. Ruwan ya kawo albarkar noman rani a Kadawa da Kura, shinkafa da tumatir da alkama, amma waɗanda aka tasa sun san abin da suka rasa. Ko yanzu kuma ana kafa ƙungiyoyin manoma a garuruwanmu domin samun taki da iri da rance. Haɗa kai abu ne mai kyau, hannu da yawa maganin ƙazamar miya, gayya kuwa ta fi mu tsufa. Abin da rayuwar Kim Ngoc ta nuna shi ne haɗin kan yakan yi ƙarko ne in mutum ya shiga da yardarsa, ya san lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita, ya kuma tabbata guminsa zai kai rumbunsa.

Ga masu riƙe da jama'a a cikinmu, dagatai da masu unguwa, kansiloli, malaman gona da shugabannin ƙungiyoyi, muna roƙo ku ɗauki halin mutumin nan guda ɗaya, wato zuwa gona da tambayar masu noma kafin a yanke shawara a kansu. Wanda kuma ya ga gaskiya ya faɗa wa na sama da shi cikin ladabi, ko da za a sa shi ya sunkuyar da kai. Kim Ngoc ya mutu ana ganinsa mai kuskure, amma shekara 10 bayan haka shinkafar ƙasarsa tana cikin jiragen ruwa zuwa kasuwannin duniya, har da na Afirka.