John Wesley: Faston da Ya Yi Shekara 13 Yana Neman Tabbacin Ceto

An haifi John Wesley a shekara ta 1703 a garin Epworth na ƙasar Ingila. Mahaifinsa Sama'ila fasto ne na Ikkilisiyar Angilikan, mahaifiyarsa Susana kuwa ita ta koya wa 'ya'yanta karatu da addu'a a gida. Yana ɗan shekara biyar gobara ta kama gidansu da dare, maƙwabta suka hau kafaɗun juna suka zaro shi ta taga gab da rufin ya faɗi.

Ya yi karatu a Jami'ar Oksfod, aka ɗora masa hannu domin hidimar ikkilisiya a 1725. Shi da ƙanensa Charles da waɗansu abokai suka tsara wa kansu rayuwa mai tsanani: azumi Laraba da Jumma'a, karatun Littafi Mai Tsarki, ziyarar fursunoni da matalauta. Saboda wannan tsari ne ɗalibai suka laƙaba musu sunan ba'a, Metodis. Duk wanda ya dube shi a lokacin zai ce ga cikakken mai bi. Amma shi kansa ya san yana tara ayyuka ne domin ya sami karɓuwa wurin Allah, kuma kullum yana ganin ba su kai ba.

A ƙarshen 1735 ya shiga jirgin ruwa zuwa Jojiya a Amurka domin aikin bishara. A watan Janairu na 1736 hadari mai ƙarfi ya taso musu a teku, ruwa ya malalo cikin jirgin. Turawan Ingila suka yi ta kururuwa, tsoron mutuwa ya kama Wesley. A gefe guda kuma ga wata ƙungiyar masu bi daga Jamus, 'yan Morabiya, maza da mata da yara, suna ci gaba da waƙar sujada cikin natsuwa. Da suka sauka, wani shugabansu mai suna Spangenberg ya tambaye shi ko ya san Yesu Almasihu. Wesley ya amsa cewa ya san shi ne Mai Ceton duniya. Mutumin ya sake matsa masa, ko ya san cewa shi kansa Yesu ya cece shi. Ya amsa da baki, amma ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa yana tsoron maganar banza ya yi. Tambayar ba ta da wuya. Yaron makarantar Lahadi zai iya amsa ta. Wuyarta ita ce ba a amsa ta da ilimi.

Aikin Jojiya ya lalace. Taurin kansa ya haɗa shi faɗa da jama'a, ya hana wata mace da ya taɓa so cin Jibin Ubangiji, aka kai shi ƙara, ya bar ƙasar a Disamba 1737.

A Landan ya sadu da wani ɗan Morabiya, Peter Bohler, wanda ya nuna masa daga Nassi cewa ana barata mai zunubi ta wurin bangaskiya kaɗai. Wesley ya so ya daina wa'azi, tun da ba shi da abin da yake shela. Bohler ya hana shi, ya ce ya ci gaba da wa'azin bangaskiya har ya same ta. Ran 24 ga Mayu 1738 da dare ya tafi wani taron zumunta a titin Aldersgate, ba da son ransa ba. Ana karanta gabatarwar da Martin Luta ya rubuta wa Wasiƙa zuwa ga Romawa. Wajen ƙarfe tara saura kwata ya ji ɗumi a zuciyarsa, ya tabbata ya dogara ga Almasihu shi kaɗai, kuma zunubansa, nasa na kansa, an ɗauke su.

Masu ba da labarin nan sukan tsaya a kan ɗumin zuciyar, su manta cewa a daren nan ma ya koma gida yana fama da shakka, domin bai ji murnar da ya zata ba. Abin da ya sāke shi ne inda ya ɗora nauyinsa. Bayan kwana 18 ya yi wa'azi a majami'ar jami'ar Oksfod, ya bambanta bangaskiya mai ceto da yarda kawai. Ko aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne, kamar yadda Yakubu 2:19 ta nuna. Bangaskiya ta gaskiya, a koyarwarsa, ita ce mutum ya jingina gaba ɗaya ga mutuwar Almasihu da tashinsa. Da ya tsufa ya sassauta hukuncin da ya yi wa shekarunsa na farko, ya ce a dā yana da bangaskiyar bawa, daga baya ya sami ta ɗa.

Ayyukan kirki kuwa ba su ragu ba, sai ma ƙaruwa suka yi. Da aka rufe masa ƙofofin majami'u da yawa, ya fara wa'azi a fili a Biristol a Afrilu 1739, daga nan ya bi masu haƙar kwal har inda suke. An ƙiyasta ya yi tafiyar mil 250,000, yawanci a kan doki, ya yi wa'azi kamar sau 40,000. Aurensa dai bai yi daɗi ba, matarsa ta bar shi. A 1774 ya rubuta ɗan littafi yana la'antar cinikin bayi, wasiƙarsa ta ƙarshe kuma ga William Wilberforce ya aika, yana ƙarfafa shi a wannan yaƙi.

Ya rasu a Landan ran 2 ga Maris 1791 yana da shekara 87. A wasiyyarsa ya roƙa kada a yi masa jana'izar alfarma, sai dai matalauta shida su ɗauki gawarsa, a ba kowannensu fam ɗaya.