Dorugu na Dambanas: Bawan da Ya Zama Malamin Hausa

An haifi Dorugu wajajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yana ƙaramin yaro mahara suka kama shi, suka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi daga wannan hannu zuwa wancan har ya faɗa Kukawa, fadar Barno ta lokacin. A can ne wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya ƴanta shi. Ba a daɗe ba Overweg ya rasu a 1852 a gefen tafkin Cadi, sai yaron ya koma hidimar abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim. Ya bi shi ta Katsina da Sakkwato har Tambutu, suka dawo, suka ƙetare Sahara, suka sauka Ingila a 1855.

Yaron da ya rasa gida da dangi, dukiya ɗaya ta rage masa, ita ce harshen uwarsa, kuma da ita ya kafa kansa. A Ingila ya zauna wurin James Frederick Schön, wani limamin mishan da ya daɗe yana nazarin Hausa amma yake ƙishirwar wanda ya tsotse ta a nono. Dorugu ya riƙa ba shi tatsuniyoyi da labarai, da kuma tarihin rayuwarsa, Schön yana rubutawa. Shi ma bai zauna a matsayin mai faɗa kawai ba; ya koyi Ingilishi da karatun boko.

Daga wannan zama aka sami babban kaso na abin da ya shiga nahawun Schön na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Sunan Schön ne a bango, amma a ganina Hausar da ke ciki ta Dorugu ce. Ɗalibin ilimin harshe zai lura cewa rubutun bai rarrabe ƙ da k ba, ko ɗ da d, balle karin sauti. Wannan gazawar kunnen marubucin ce. Ginin jimla da zaɓen kalma kuwa na Bahaushen Damagaram ne na tsakiyar ƙarni na 19, kuma irin wannan shaida ba ta da yawa a hannunmu.

Ya dawo ƙasar Hausa a 1864. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar boko da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano, inda ya rasu a 1912. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa cikin Ingilishi.