Pierre Poivre: Bafaranshen da ya kafa dokar kare dazuzzukan Morishus

An haifi Pierre Poivre a birnin Lyon na ƙasar Faransa a shekarar 1719. Da ƙuruciyarsa aikin mishan ya sa a gaba, har ya kai ƙasar Sin. A 1745, yana kan hanyar komawa gida, jirgin yaƙin Ingila ya far wa jirginsu, harsashin igwa ya yi sanadin yanke masa hannun dama. Aka kai shi Batabiya, wato Jakarta ta yau, inda ya ga irin dukiyar da Turawan Holan ke tarawa daga kanumfari da gyaɗar ƙamshi, waɗanda suka hana kowa fita da irinsu daga tsibiran Maluku.

A 1767 ya kama aiki a matsayin jami'in kula da dukiya da harkokin mulki na tsibirin Morishus da ke Tekun Indiya, wanda Faransawa ke kira Isle de France a lokacin. Ya tarar da tsibirin ya sha gatari. Turawan Holan, waɗanda suka bar wurin a 1710, sun sassare manyan itatuwan baƙin katako, dangin kanyar da muka sani, tsuntsun nan dodo kuma ya riga ya ƙare tun ƙarnin da ya gabata. Faransawan da suka gaje su suka ci gaba da share daji don gonaki da itacen girki da katakon jirage.

Poivre ya yi imani cewa daji ne ke riƙe ruwan sama, kuma duk tudun da aka tsiraita, ƙasarsa za ta zaizaye, ƙoramunsa su ƙafe. Saboda haka a 1769 aka fitar da doka wadda ta wajabta wa mai fili ya bar kashi ɗaya cikin huɗu na filinsa a daji, musamman a gangaren duwatsu, ta hana sare itatuwan bakin ruwa, ta kuma umarci a sake dasa wuraren da aka share. Masana tarihi na lissafa ta cikin dokokin farko da suka danganta sare daji da sauyin yanayi. Ba ƙaramar jarumta ba ce, ganin cewa masu gonakin da dokar ta taka su ne masu faɗa a ji a tsibirin.

Sai dai mutumin nan da ya kare itatuwan asali shi ne kuma ya fi kowa ɗokin shigo da baƙi. A 1770 mutanen da ya aika suka sato irin kanumfari da gyaɗar ƙamshi daga Maluku, aka rene su a lambunsa na Pamplemousses. Daga waɗannan tsibirai ne kanumfari ya ƙetara zuwa Zanzibar daga baya. Kirfar da aka kai tsibiran Seychelles bisa umarninsa kuwa ta tsallake shinge, ta bazu cikin daji, har yau tana danne tsirran asali.

Dokarsa ma ba ta iya da rake ba. Gonakinsa sun cinye ƙasar a ƙarni na 19, kuma dajin asali mai lafiya da ya rage a Morishus bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

Poivre ya bar muƙaminsa a 1772, ya koma kusa da Lyon, inda ya rasu a watan Janairun 1786. Lambun Pamplemousses na nan har yanzu, yana ɗauke da sunan Seewoosagur Ramgoolam, firaministan farko na Morishus.