Erwin Müller: Bajamushen Da Ya Fara Ganin Ƙwayar Zarra

Kalmar zarra ta daɗe a bakin Bahaushe. Daga Larabci muka aro ta, ta hanyar karatun allo da na zaure, kuma duk wanda ya ce abu bai kai ƙwayar zarra ba, to ya kai shi matuƙa wajen ƙanƙanta. Da ilimin zamani ya zo, sai masu fassara a gidajen rediyo da malaman makaranta suka ɗora wa kalmar sabon kaya, ta zama sunan ƙwayar nan da kowane abu ya ginu a kanta, ƙarfe ne ko dutse ko iska. Masanan Girka sun yi jayayya a kanta tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), malaman ilimin kalami irin su Al-Baƙillani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1013, su ma sun yi dogon bahasi kan jauharin da ba ya rabuwa. Amma duk cikinsu babu wanda ya gan ta. Har zuwa farkon ƙarni na 20 akwai manyan masana a Turai, irin su Ernst Mach, da ba su gamsu da samuwarta ba. Mutumin da ya fara ganin hotonta ɗaya bayan ɗaya shi ne Erwin Wilhelm Müller, kuma tarihinsa nake son mu waiwaya a yau, domin akwai abin da ya shafe mu a ciki.

An haifi Müller a birnin Berlin na ƙasar Jamus ranar 13 ga Yuni, 1911. Ya yi karatu a babbar kwalejin fasaha ta Berlin a hannun Gustav Hertz, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel ta 1925. Zamanin bai yi wa malamin daɗi ba, domin bayan hawan Hitler mulki a 1933 an matsa wa Hertz lamba saboda yana da jinin Yahudawa ta wajen mahaifinsa, har ya bar kujerarsa ya koma ɗakin binciken kamfanin Siemens. A can ɗin ne Müller ya yi aikinsa na farko. Ya samu digirin injiniya a 1935, ya samu na dakta a 1936, kuma a wannan shekarar, yana ɗan shekara 25, ya ƙera na'urar da ta fara fito da sunansa.

Ya kamata mai karatu ya san abin da na'urar ta dogara a kansa. A cikin kowane ƙarfe akwai ƙananan ƙwayoyin lantarki, wato ilektiron, waɗanda ke yawo a ciki amma ba sa iya fita, tamkar dabbobin da aka kewaye da katanga. Tsohuwar hanyar fito da su ita ce a zafafa ƙarfen har su samu ƙarfin tsallake katangar, kuma da haka kwalaben tsohuwar rediyo da talabijin mai ƙeya suke aiki. Akwai hanya ta biyu wadda ba ta bukatar zafi: idan aka ja su daga waje da ƙarfin lantarki mai tsananin gaske, katangar kan yi siranta har su ratsa ta cikinta. Ralph Fowler da Lothar Nordheim ne suka fitar da lissafin wannan al'amari a 1928. Matsalar ita ce ina za a samu irin wannan ƙarfi. Amsar tana cikin abin da kowane manomi ya sani, cewa aradu ta fi faɗa wa dogon rimi ko giginya fiye da ciyawar da ke ƙarƙashinsu. Ƙarfin lantarki yana taruwa ne a kan tsini, kuma gwargwadon sirantar tsini gwargwadon taruwarsa.

Saboda haka Müller ya ɗauki waya ta ƙarfen tangistin, irin wanda ke ci a cikin tsohon ƙwan lantarki, ya fiƙe ta har bakinta ya fi silin gashi siranta sau ɗaruruwa. Ya sa wannan allura cikin kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, bakinta yana fuskantar allo mai shafen sinadarin da kan yi haske idan ilektiron ya same shi. Da ya ba ta lantarki na dubban bolt (na gidajenmu bai wuce 230 ba), sai ƙwayoyin suka riƙa tashi daga bakin allurar suna bazuwa kai tsaye zuwa allon, suka zana hoton bakin a kansa. Duk yaron da ya taɓa sa hannu kusa da aci-balbal ya ga inuwarsa ta cika bango ya san asirin abin. Idan tsakanin allura da allo santimita 10 ne, bakin allura kuma nanomita 100, to hoton zai ninka ainihin abin kusan sau miliyan ɗaya, ba tare da gilashin ƙara girma ko ɗaya ba. Da wannan na'ura ya iya rarrabe abubuwan da tazararsu ta kai nanomita 2, alhali nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Nasara ce babba, amma zarra ta fi haka ƙanƙanta, domin sai an jera zarrar tangistin kusan miliyan huɗu kafin su cika milimita guda.

Daga nan Yaƙin Duniya na Biyu ya gitta. Müller ya yi shekarun yaƙin a Jamus yana aiki da kamfanin Stabilovolt, bayan yaƙi kuma ya koyar a makarantar injiniyoyi ta garin Altenburg. A 1947 Iwan Stranski ya kira shi zuwa cibiyar bincike ta Kaiser Wilhelm a Berlin, wadda daga baya aka sa wa sunan Fritz Haber. Birnin a lokacin kusan kufai ne, kuma daga 1948 zuwa 1949 Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin shiga yammacinsa, sai ta jirgin sama ake kai abinci da gawayi. A cikin wannan hali ya koma kan allurarsa, kuma a 1951 ya buga bayanin dabara ta biyu. Ya juya lantarkin ta yadda allurar za ta daina tura ilektiron, ya saki 'yar iskar haidirojin a cikin kwalbar. Duk ƙwayar iskar da ta matso kusa da wata zarra da ta ɗan turo kai a bakin allurar, sai a fizge mata ilektiron ɗinta, a harba ta zuwa allon, ta bar ɗigon haske. Hoton ya fi na da kyau, amma har yanzu da sauran hazo.

A 1952 ya ƙaura zuwa Amurka, zuwa jami'ar jihar Pennsylvania, kuma a nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Jamus da ta raine shi ba ta ci moriyar girmansa ba, kuma wannan ciwo ne da jami'o'inmu suka san zafinsa, domin mu ma muna yaye ɗalibai masu hazaƙa, wasu ƙasashe su kwashe. A can ya samu wani ɗalibi ɗan ƙasar Indiya mai suna Kanwar Bahadur. Suka sauya iskar zuwa hiliyom, suka sanyaya allurar da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da na ƙanƙara, domin sanyi yana rage wa ƙwayoyin iskar kai-kawon da ke dagula hoto. Ranar 11 ga Oktoba, 1955, zarrar tangistin suka bayyana a kan allon, kowace da nata ɗigon, a jere cikin da'irori. A 1956 suka buga sakamakon da sunayensu su biyu. Ina ganin malaman jami'a suna da abin lura a nan: babban farfesa ya ba ɗalibinsa baƙo damar gwaji da hannunsa, kuma da aka dace bai share sunansa daga takarda ba.

Ganin zarra bai ishe shi ba, sai da ya nemi sanin wace iri ce. Ya riga ya lura cewa idan aka ƙara ƙarfin lantarkin, zarrar ƙarfen kansu kan ciro daga bakin allurar ɗaya bayan ɗaya, kamar ana ɓare albasa. A 1967, tare da ɗalibinsa John Panitz, ya huda ƙaramin rami a allon, ta yadda zarrar da aka zaɓa za ta bi ta ciki, a auna tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta isa ma'auni. Mai nauyi kan yi jinkiri, marar nauyi kan yi sauri, da haka ake gane sunanta. Jikokin wannan na'ura su ne masu ƙera ƙarfe da masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta suke amfani da su wajen gano abin da ya gauraya da kayansu. A 1969 ya wallafa littafi kan wannan fanni tare da Tien Tsong. Ya rasu a Washington ranar 17 ga Mayu, 1977, yana da shekara 65, kuma Shugaba Jimmy Carter ya ba da babbar lambar kimiyya ta Amurka da sunansa bayan rasuwar tasa. Bai samu lambar Nobel ba. Ta 1986 ta tafi ga Ernst Ruska da Gerd Binnig da Heinrich Rohrer, alhali na'urar mutum biyun na ƙarshe ita ma allura ce mai tsini, kuma wani tsohon ɗalibin Müller, Russell Young, ya riga ya ƙera magabaciyarta a farkon shekarun 1970.

Allurar nan ta yi 'ya'ya. A 1968 Charles Spindt ya nuna yadda za a ƙera ɗimbin irin waɗannan tsinaye, kowane ɗan mitsitsi, a jere a kan faifai guda, ta bin dabarun da ake sassaƙa silikon da su. A 1970 Albert Crewe na jami'ar Chicago ya sa irin allurar a matsayin maɓuɓɓugar ilektiron a babban madubin bincike, shi ma ya ɗauki hoton zarra, kuma manyan madubai na zamani a kan wannan tafarki suke. Ba duk 'ya'yan ne suka rayu ba, domin kamfanoni irin su Sony da Canon sun zuba dukiya wajen ƙera talabijin da irin wannan fasaha, kafin su haƙura wajen 2009 da 2010 saboda kasuwa ta karkata wani wajen. Ratsa katangar nan da Fowler da Nordheim suka lissafa kuwa, da ita ake goge bayanai a katin ajiyar wayar hannu. Su ma dabarun sassaƙa silikon sun haifar da ƙananan ma'aunai masu jin motsi da nauyi da haske, irin wanda ke juya hoto idan an karkata waya, ko wanda ke buɗe jakar iska a mota idan an yi karo.

To mu ina ruwanmu? Mu nan ƙasar Birnin Gwari a kan ma'adinai muke zaune. Samarinmu na haƙar zinare a cikin daji da diga da shebur, su wanke ƙasa a kwano, su sayar wa dillali a farashin da ya ga dama, a shekarun da 'yan bindiga suka raba yara da yawa da makaranta. Tangistin ɗin da Müller ya fiƙe ma akwai tamarsa a duwatsun Riruwai na jihar Kano. Amma ɗan guntun wayar da ya yi aiki da shi ba shi da wani tsada, abin da ke kansa ne ya mayar da ita madubi. Rashin iya auna abin da ido ba ya gani kuwa ya riga ya ci mana rayuka. A 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, a 2015 kuma ta sake kashe wasu a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabciyarmu. Iyaye mata na niƙa dutse a tsakar gida ba su san ƙurar guba ce ba. Na'urar hannun da masana suka zo da ita suka auna dalmar da ke cikin ƙasa irin waɗanda zuciyarsu ɗan ma'aunin silikon ne, kuma daga waje aka kawo ta.

Ba wai ba mu da tushe ba. Cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta kunna ƙaramin injin nukiliyarta na bincike a 2004, kuma yana iya tantance sinadaran da ke cikin dutse ko ƙasa. Abin tambaya shi ne ma'aikatun ma'adinai da na lafiya na jihohinmu nawa ne suke kai samfurin ƙasar ƙauyukan haƙa can kafin a fara binne yara. Tarihin Müller ya nuna cewa bincike yana bukatar abu uku: ɗaki mai wuta da ba ta yankewa, albashin da zai hana malami neman na cefane a waje, da haƙurin hukuma. Shekara 19 ya ɗauka daga na'urar farko zuwa ganin zarra, kuma da an riƙa tambayarsa ribar kowace shekara da tuni an rufe ɗakin.

Saura batun harshe, wanda shi ne fagena. Duk abin da na bayyana a sama da Hausa na bayyana shi, da katanga da rimi da inuwar fitila, kuma ban ga inda harshen ya gaza ba. Mafi yawan masu sauraren rediyo ba su san zarra ba sai a labarin makamin ƙare dangi, alhali ita ce a cikin wayar da ke aljihunsu da ƙurar da ke shiga hancin 'ya'yansu. Ina kira ga sassan Hausa da na kimiyya a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina su zauna tare, su daidaita kalmomin nan, su rubuta ƙananan littattafai na 'yan sakandare, gidajen rediyon jihohi kuma su ware lokaci a mako don irin wannan bayani. Mahaƙin da aka yi wa bayanin dalma da harshensa zai daina niƙa dutse kusa da tukunyar abinci, ƙanensa da ke aji uku kuma yana iya fara tambayar yadda ake ƙera ma'aunin. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe ilimi da muhimmanci, Ya zaunar da yankinmu lafiya, amin.